Taransifomar cikin fanel ɗin injina tana zafi har hannu baya zama, lafiya ce ko ƙonewa zata yi?

Baban Ummi Panteka: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Dan Allah masu sanin wuta ku taimaka min da shawara. Ina da injin feƙe ƙarfe ɗan Baljiyam da na saya bara, yana aiki lafiya lau, amma jiya da la'asar yarona ya buɗe fanel, wato akwatin wutar injin, zai ɗaure wata waya sai yace Oga zo ka taɓa nan, ƙaramar taransifomar nan da ke ba kwantakta (suwic mai maganaɗisu da ke kunna motar injin) wuta, wlh ina ɗora hannu na janye ko daƙiƙa biyu ban yi ba. Na kira wani mai naɗin kwayil yace ta kusa mutuwa a cire a sake naɗa ta tun kafin ta ja min asara. Ni kuma aiki ne a gabana, shaf ɗin injin niƙa guda shida zan miƙa ranar Asabar, in na cire ta injin ya tsaya kenan. To dama haka suke zafi ne ko kuwa?

Admin: Wa alaikumussalam. Injiniya da Baba na Kakuri, ga naku ya samu.

Ɗan Rigasa Welda: Oga in hannu baya zama ai magana ta ƙare, cire ta kawai. Ni duk abun da ya fi ƙarfin hannuna na san ba lafiya ba

Injiniyan Barnawa: Wa alaikumussalam Baban Ummi. Kada ka cire tukuna, kuma Ɗan Rigasa kayi haƙuri, hannu ba ma'auni bane a wannan harkar. Fatar mutum daga digiri 50 ta fara ƙorafi, in ƙarfe ya kai digiri 60 da kyar zaka bar hannu daƙiƙa uku zuwa huɗu a kai. To amma taransifoma a digiri 60 ko 70 aikinta take yi hankali kwance. Matsalar hannu shine daga 60 zuwa sama duk ɗaya yake ji, da 65 da 110 duk zafi ne a wajensa, alhali ɗaya lafiya ce ɗayar kuma hanyar ƙonewa ce. Abun da nake so kayi, ka kashe babban suwic, ka haska jikinta ka karanto mana duk abun da aka rubuta a farantin jikinta. VA nawa wato ƙarfin lodin da zata iya ɗauka, volt nawa shiga nawa fita, 50Hz ko 60Hz, sannan ka nemi inda aka sa wani harafi guda ɗaya, A ko E ko B ko F ko H. Kuma ka faɗa min, akwai wari?

Baban Ummi Panteka: Toh Injiniya. Ga abun da na gani, 250VA, shiga akwai 0 da 380 da 415 da 440, fita 220, an sa 50/60Hz, sai wani waje an rubuta "ta 40" da harafin B a gefe. Wari kuma akwai ɗan ƙauri-ƙauri haka kamar banish in ka kai hanci kusa amma ba hayaƙi, launinta bai yi baƙi ba sai dai takardar da aka naɗe ta ta ɗan yi duhu a tsakiya

Injiniyan Barnawa: Yauwa, yanzu muka samu abun magana. Wannan B ɗin ajin rufin wayar ne, wato banish ɗin da ke jikin jar waya (wayar jan ƙarfe) da takardar da ke tsakanin naɗi. Aji A yana jure digiri 105, E 120, B 130, F 155, H kuma 180. Lura, wannan zafin na can cikin tsakiyar naɗi ne inda ya fi ko'ina zafi, ba na bayan ƙarfen da ka taɓa ba, na ciki kullum ya fi na waje. Shi kuma 40 ɗin nan ma'anarsa an ƙera ta ne akan iskar da ke kewaye da ita bata wuce digiri 40 ba. Kaga kenan taka an bata damar ta hau kamar digiri 80 akan zafin wajen da take, in tana ɗauke da cikakken lodi. Don haka zafi kaɗai bai tsorata ni ba. Abun da ya tsaya min shine ƙaurin da kace da kuma duhun takardar, waɗannan biyun sun nuna ta jima tana aiki a bakin iyaka.

Dattijon Kakuri: Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka. Ni shekara ashirin da ɗoriya nayi a sashen lantarki na masaƙa, lokacin da Kakuri take Kakuri, in aka tashi shif sai kaga kekuna sun cika titi har ba wajen wucewa. Taransifomar kwantrol mun gansu ɗaruruwa, kowane injin saƙa da tasa. Abun da zan fara gaya maka ɗana, ko ba ka kunna komai ba, muddin wuta na shiga cikinta sai tayi ɗumi, domin ƙarfen tsakiyar nan da kansa yana cin wuta, sau 50 a daƙiƙa maganaɗisu yana juyawa a cikinsa. Shi yasa ba a yinsa da dunƙulallen ƙarfe, sai falle-falle siraran da aka shafe kowanne da rufi, don a rage wannan zafin. Na biyu kuma zafin waya ne, shi wannan da lodi yake tafiya. Mu a da abun da yake kashe mana su ba lodi bane ma, burbushin auduga ne, sai ya lulluɓe ta kamar an rufa mata bargo, zafin ya rasa hanyar fita. Duk ranar gyara akwai yaron da aikinsa kenan, busa fanel. To kai a wajenka me ya lulluɓe taka?

Baban Ummi Panteka: Baba Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya akwai ƙura sosai da ɗan maiƙo. Kuma tunda ka tambaya, lokacin hunturu da ƙura tayi yawa na sa yara sun toshe ramukan iskar da ke gefen fanel ɗin da kwali da salatif, har yau bamu cire ba

Dattijon Kakuri: To ai ka ji. Ka toshe mata hanci a Disamba, ga mu a ƙarshen Maris. Rumfarka ta kwano ce ko?

Baban Ummi Panteka: Kwano ne Baba, ba silin

Injiniyan Barnawa: Kaga wannan 40 ɗin da muka ce kenan. A watan nan da rana tsaka Kaduna tana haura 35 a inuwa, ƙarƙashin kwano ba silin ya fi haka, sai kuma cikin akwatin ƙarfe a rufe wanda kwantakta da rile da ita kanta taransifomar duk suna fitar da zafi a ciki, ba mamaki cikin fanel ɗin ya haura 50. Duk digiri ɗaya da iskar ciki ta ƙaru, ɗaya ne ya ƙaru a cikin naɗi kai tsaye. Waɗanda suka ƙera ta basu san rumfar Panteka a watan Maris ba.

Oga Mai Naɗi T/Wada: Duk naji bayananku kuma ban musa ba, amma ni da nake buɗe su kullum ina gaya muku in takarda ta fara duhu to banish ya riga ya dahu, yau ko gobe waya zata taɓa 'yar uwarta. Gara a naɗa sabo hankali ya kwanta. Ba wai don sana'ata bace nake faɗa

Ɗalibin Poly: Oga da girmamawa, in aka sake naɗi ba a gano dalilin zafin ba ai sabon ma haka zai dahu ko? Malaminmu ya koya mana cewa duk ƙarin digiri 10 akan ƙa'ida yana raba rayuwar rufin waya biyu, in an rage 10 kuma ya ninka. Ashe kenan in aka sauke zafin yanzu tana iya ƙara shekaru a haka

Oga Mai Naɗi T/Wada: Wannan gaskiya ne ƙanena, amma abun da ya riga ya ƙone baya dawowa ɗanye. Rage zafi yana tsayar da ɓarna ne, baya gyara ta baya

Injiniyan Barnawa: Ku duka biyun kuna kan hanya. Shi yasa nace a auna kafin a yanke hukunci. Baban Ummi kana da mita? Wadda ake matsa bakinta a waya ta karanta amp, da ta auna volt da ohm.

Baban Ummi Panteka: Maƙwabcina mai gyaran janareto yana da ita. Akwai kuma bindigar auna zafi irin ta lokacin korona a gida, in kawo?

Injiniyan Barnawa: Wannan ta goshi ce, an yi ta ne don zafin jikin mutum, yawancinsu in abu ya wuce digiri arba'in da 'yan kai sai su rubuta Hi kawai. Akwai ta masana'antu mai kaiwa ɗaruruwa, ita ma tana da hali, in ka harba ta akan ƙarfe mai ƙyalli sai ta baka lamba ƙasa da gaskiya. Dabarar itace ka manna baƙin tef na lantarki a wajen, ka bari ya ɗau zafi, sannan ka auna akan tef ɗin. Amma akwai hanyar da tafi wannan kuma mitar maƙwabcinka ta isa. Jar waya in tayi zafi ohm ɗinta yana ƙaruwa, kusan kashi 4 cikin ɗari a duk digiri 10. Gobe da sassafe kafin a kunna komai, wuta a kashe daga babban suwic, ka cire fiyus ɗin shiga ko waya ɗaya, ka auna ohm na ɓangaren shiga ka rubuta, ka rubuta zafin gari na lokacin. Sai kuyi aikinku kamar kullum kada ka canza komai, ko kwalin nan ka barshi na yini ɗaya don mu ga gaskiyar halin da take ciki. Wajen ƙarfe uku ka kashe ka sake aunawa nan take, kada ka tsaya amsa waya don tana fara hucewa lissafi ya ɓaci. Kafin ka kashe ɗin kuma a auna volt ɗin da ke shiga, da na fita, da amp na fita, a duba wace lamba aka ɗaura wayar shiga, 380 ko 415. Dan Allah aunin da wuta take ciki mai gyaran janareton ya yi da kansa, 415 bata yafiya, kada a bar yara su sa hannu.

Ɗan Rigasa Welda: Ni da nine da jiƙaƙƙen tsumma zan ɗora mata ta huce, haka muke wa injin walda in ya ɗau zafi

Dattijon Kakuri: A'a ɗana, kul. Ruwa da 415 a cikin akwatin ƙarfe? Ko a injin waldan ma ka daina. Na taɓa ɗaukar mutum da hannuna zuwa asibiti akan abun da bai kai wannan ba, Allah ya yi da sauran kwanansa amma yatsu biyu basu ƙara miƙewa ba.

Ɗan Rigasa Welda: Na ji Baba, na daina in sha Allah

Maman Sadik Gidan Biredi: Sallama gareku. Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar. Injin kwaɓa fulawa na gidan biredinmu a Unguwar Mu'azu shima akwai irin wannan ƙaramar a ciki, 24 take fitarwa. Ita bata cika zafi a wutar gari ba amma duk ranar da muka yini a janareto sai tayi zafi tana wani gurnani zzzz har ana ji daga waje. Mai gyara yace fiyus ne ƙarami a sa babba. Ni dai hankalina bai kwanta ba

Injiniyan Barnawa: Hajiya hankalinki yayi daidai da bai kwanta ba. Fiyus baya sa zafi kuma baya hana gurnani, aikinsa ya tsinke in abu ya ɓaci, in aka sa babba an cire mai gadi kenan. Abun da nake zargi gudun janareton ne. Irin manyan nan na dizal sai sun yi juyi 1500 a minti kafin su bada 50Hz. In aka rage masa gudu don a tsimi mai, ko lodi ya danne shi ya sauka 45 ko 44, shi kuma abun daidaita volt ɗin yana ta ƙoƙarin riƙe volt a sama, to taransifoma ce ke shan wahala, domin ƙarfen cikinta yana da iyakar maganaɗisun da zai iya ɗauka, kamar soso ne in ya ƙoshi da ruwa. Volt yayi yawa ko Hz yayi ƙasa, duk abu ɗaya suke haifarwa, ƙarfen ya ƙoshi, sai ta fara jan wuta ba dalili tana gurnani tana zafi ko ba lodi. Ki sa a duba allon janareton a ga Hz nawa yake nunawa lokacin da injin kwaɓa da sauran kaya suke aiki tare. Sannan garin fulawa shima bargo ne irin na audugar Baba, a riƙa busawa.

Maman Sadik Gidan Biredi: Allah ya saka da alheri. Direban jen ɗin kam na san yana rage masa murya wai don mai, zan duba gobe

Ɗalibin Poly: Injiniya wannan ne yasa ake cewa injin Amurka baya son wutarmu?

Injiniyan Barnawa: Shine, amma ba kowanne ba. Su 60Hz suke amfani da shi mu 50. In taransifoma an rubuta mata 60Hz kaɗai ka bata volt ɗin da aka rubuta a wutarmu, maganaɗisun cikinta ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari, zata yi zafi sosai. Amma ka ɗauki mai 480 a 60Hz, raba 480 da 60 ya baka 8, mu kuma 400 raba 50 shima 8 ne, kaga ƙarfen bai ji komai ba. Sai dai fitarta zata ragu, inda ya kamata ta bada 120 sai ta bada 100, kwantakta ta fara kakkarwa tana ta-ta-ta, kuma kwantaktar da bata kama da kyau ba kwayil ɗinta yana jan wuta ninkin-ba-ninkin na wadda ta kama, daga nan sai kwayil ya ƙone ko ya ja taransifomar su tafi tare. Ta Baban Ummi 50/60 ce don haka wannan bai shafe ta ba.

Oga Mai Naɗi T/Wada: Tunda an zo nan bari in faɗi laifin namu ɓangaren don gaskiya ɗaya ce. Da yawa taransifomar da ke zafi a garin nan ba daga kamfani take haka ba, naɗi ne aka yi mata na ha'inci. Wani zai kwance bai ƙirga zagaye ba, ya naɗa da ido, in wuri ya cike ya tsaya, zagaye ya ragu kuma daidai yake da an ƙara mata volt. Wani ya sa waya siririya. Ga kuma wayar nan da ta cika kasuwa, waje ja ciki fari, alminiyon ce aka yi wa rigar jar waya, in ka kankare da reza zaka gani, ko ka sa mata ashana ta lanƙwashe ta narke. Ita ohm ɗinta ya fi na jar waya da fiye da rabi a kauri ɗaya, to ina zafi zai je? Sannan wajen mayar da fallayen ƙarfe sai a bar guda biyar shida a ƙasa wai sun ƙi shiga. Ni ubangidana da ya koya min, Allah ya jiƙansa, sai ya sa ka ƙirga zagaye da ƙarfi yana ji, in ka ɓata ka koma farko. Araha bata ado, mai injin ma yana da laifi in ya ce shi dai mai sauƙi

Dattijon Kakuri: Allah ya yi maka albarka da wannan gaskiyar. Shi yasa ni in ta kamfani ce bata mutu ba bana son a taɓa ta.

Admin: Baban Ummi muna jiran sakamako gobe in Allah ya kaimu.

Baban Ummi Panteka: Salam jama'a, mun yi aunin. Da safe ƙarfe bakwai waya ta nuna zafin gari 28, ohm ya bada 21.0. Ƙarfe uku da kwata muna kashewa ya bada 28.4. Wutar shiga 420 tsakanin layi biyu, wayar kuma akan 380 take ɗaure. Fita 243. Amp na fita 1.5. Sannan wani abu da ban sani ba sai yau, mai jen ɗin ya bi wata waya da ta fita ta ƙasan fanel, ashe yarana sun ja soket daga 220 ɗin taransifomar, a nan suke sa ƙwan fitila mai 200 da muke haska aiki da shi, da fankar tsaye, da cajin waya. Sun ce wai wutar wajen tafi ƙarfi fanka tafi gudu. Wlh raina ya ɓaci amma ni ne ban duba ba

Ɗalibin Poly: Bari in gwada lissafin, Injiniya ya duba min. 235, lambar da ake sawa a lissafin jar waya, a tara da 28 na zafin safe ya zama 263. A raba 28.4 da 21 ya bada 1.352. A ninka da 263 ya kama 355.7, a cire 235, saura kusan 121. Digiri 121 kenan a cikin wayar??

Injiniyan Barnawa: Lissafinka daidai ne. Kuma wannan matsakaici ne na duk naɗin, can tsakiya zai fi haka da kamar digiri 10, kaga ta taɓa 130 ɗin ajin B cif. Don haka Baban Ummi yaronka da ya kira ka ya kyauta, wannan zafin ba na ƙa'ida bane, kuma Oga Mai Naɗi da yace tana hanyar mutuwa bai yi ƙarya ba. Sai dai ba ciwo ne a cikinta ba, abubuwa uku ne aka haɗa mata lokaci ɗaya. Wayar shiga tana kan 380 ana bata 420, ƙarin kashi 10 cikin ɗari kenan, can ƙasar da injin ya fito 380 suke da shi a lokacin shi yasa aka barta a nan, duk wanda ya sayi injin na hannu ya fara duba wannan kafin ya kunna. Shine kuma dalilin da fankar yara take gudu, 243 take sha. Sai lodi, 250VA a 220 amp 1.1 da ɗan kai ne iyakarta, ana jan 1.5. Mutum zai ce ai ƙarin kaɗan ne, amma zafin waya ba haka yake lissafi ba, amp ɗin ake ninkawa da kansa, ƙarin kashi 30 a amp yana zama ƙarin kashi 70 a zafin waya. Ga kwali a hanci. Ni mamakina ma da ta kai yau.

Oga Mai Naɗi T/Wada: Naɗin zamanin da ne shi yasa. To amma ni har yanzu ina da shakka ko waya bata riga ta taɓa juna a ciki ba

Injiniyan Barnawa: Wannan ma ana ganewa ba sai an kwance ba. A mayar da wayar kan 415, a cire duk wayoyin fita, a bata wuta ita kaɗai na awa ɗaya. In akwai zagayen da ya haɗe da ɗan uwansa zata ja amp mai yawa ba lodi, cikin 'yan mintuna tayi zafi kamar dutsen guga, fitar ma ta ragu. In kuwa ɗumi kawai tayi kuma fita ta tsaya wajen 222, to lafiyarta ƙalau. In da wanda yake da mega, mitar gwada rufin waya, a kusa a gwada tsakanin naɗi da jikin ƙarfe, da tsakanin shiga da fita, wannan ne zai nuna ko rufin ya fara yoyo.

Ɗan Rigasa Welda: To ya bar ƙofar fanel ɗin a buɗe mana iska ta riƙa shiga, ko ya sa fanka ta fuskance ta

Dattijon Kakuri: A wajen feƙe ƙarfe? Tsakin ƙarfen nan da ke tashi kamar gashi in ɗaya ya faɗa tsakanin layi biyu sai dai ka ji ƙara. Ga yara suna kai kawo. Ƙofa a rufe take zama. A cire kwalin, a sa raga mai laushi ko soson tace iska a ramukan, duk sati biyu a cire a kakkaɓe. In ana son fanka akwai ƙananan nan irin na kwamfuta masu 220, a sa ta a ƙasa tana tura iska ciki ta bayan matacin, zafi ya fita ta ramin sama, domin zafi sama yake hawa. Amma ita ma a lissafa ta cikin lodi, ko a ja mata wuta daga wani wajen.

Ɗalibin Poly: Baba to me zai hana a sayi babba kawai mai 500VA a huta?

Injiniyan Barnawa: Babba bata da laifi in akwai wuri da kuɗi, kuma dama ana zaɓar ta kwantrol da ɗan rara ne saboda lokacin da kwantakta zata kama tana fizgar wuta sau da yawa fiye da wadda take riƙewa da ita bayan ta kama, in taransifoma tayi ƙanƙanta volt ya faɗi a wannan fizgar. Amma a nan ainihin lodin injin bai kai rabin 250 ba, rarar da masu ƙira suka bari don fizga ce yara suka mayar ta fanka. Kuma babbar ma in ka ɗaura ta a 380 ka bata 420 zafi zata yi.

Maman Sadik Gidan Biredi: Na dawo da nawa rahoton. 44 jen ɗin yake nunawa in an kunna komai. An mayar da shi 50 gurnanin ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Mai dai zai ƙaru amma na gwammace haka

Baban Ummi Panteka: Alhamdulillah jama'a ga bayani na kwana biyu. Mun mayar da waya kan 415, mun gwada ta ba lodi awa ɗaya kamar yadda Injiniya yace, ɗumi kawai tayi, fita 222. Na yanke soket ɗin nan da hannuna na ja wa yara wani daga bango da fiyus ɗinsa. Mun cire kwali mun busa da bulowa, ƙurar da ta fito sai da muka fita waje. Amp na fita yanzu 0.3 ne. Jiya da safe zafin gari 29, ohm 23.0 tunda an canza wajen ɗauri, ƙarfe uku ya bada 26.5. Amma fa har yanzu in na taɓa ƙarfen da zafinsa, ina iya ƙirga biyar shida kafin in cire hannu

Ɗalibin Poly: 264 sau 26.5 raba 23, a cire 235, ya kama 69. Daga 121 zuwa 69

Injiniyan Barnawa: To wannan zafin da kake ji yanzu shine nata na ƙa'ida, kada ya dame ka, haka zata riƙa yi har damina ta sauka ka ji ta ɗan rage. Ka samu alƙalamin maka ka rubuta a cikin ƙofar fanel ɗin, kwanan wata da 23.0 da 26.5 da 0.3, duk wanda ya zo bayan wata shida ya auna yana da abun kwatantawa.

Oga Mai Naɗi T/Wada: Na yarda a barta. Amma mega ɗin nan ba a yi ba, kuma takardar da tayi duhu tana nan da duhunta. Ina da shi a shago, in ka miƙa shaf ɗinka ranar Asabar zan shigo Panteka da yamma in gwada maka, ba sai ka biya komai ba, in ya nuna ƙasa kuma sai mu san abun yi

Baban Ummi Panteka: Na gode Oga, Allah ya bar zumunci. Ka zo bayan la'asar lokacin mun kashe injin. Huɗu sun fita saura biyu